Neman kalma: "backward compatibility", da rikicin cp -n

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana fassara bayanin umarnin cp, mai kwafar fayil a kwamfuta, sai ga "backward compatibility". An ba da "dacewar baya". Ni dai ba ta zauna mini ba. Malamai, a taimaka.

Injiniya: Wa alaikumus salam. Kafin a raɗa suna a duba abin tukuna. cp -n ba ya rubutawa a kan fayil ɗin da ya tarar a wurin. A GNU coreutils, tarin umarnin da cp na Linux yake ciki, da can tsallake shi yake yi shiru, ya fita da lamba 0, wato lafiya lau. Siga ta 9.2 a 2023 ta sa ya koma fita da lambar kuskure, irin yadda na FreeBSD, wani tsarin kwamfuta daban da Linux, yake yi. Kwafin bai canza ba ko kaɗan, lambar fita kawai aka taɓa. Amma duk rubutun umarni mai set -e a samansa, wato a tsaya da zarar an samu kuskure, da ya iso layin nan ya tarar da fayil ɗin sai ya tsaya cak, sauran aikin ya kwana. 9.3 ta kawo --update=none ga mai son halin da. A 2024 kuma 9.5 ta mayar da -n yadda yake, aka ware --update=none-fail ga mai son a sanar da shi. To kun gani, abin da ake kiyayewa shi ne halin da tsofaffin rubuce-rubuce suka dogara da shi.

Malama Mai Nahawu: Shi ya sa "dacewar baya" ba ta yi ba. Bahaushe zai ji kamar dacewar da aka yi a baya, ta wuce. Na so in ce "kiyaye sabo", sabo na sabawa, har da karin maganar turken wawa. Sai dai a rubuce ba a raba shi da sabo kishiyar tsoho, ma'ana ta juye gaba ɗaya. Na janye.

Injiniya: Gaskiya ne, Malama. "Jituwa da na da" fa?

Malama Mai Nahawu: Wannan ta fi. Jituwa tana buƙatar ɓangare biyu, ga sabuwar siga ga tsohon aiki. Kuma tana lanƙwasuwa: 9.2 ta ɓata jituwa, 9.5 ta maido da ita.

Ɗan Sabar: Gyara ɗaya, Malam Injiniya. -n ba ya cikin ƙa'idar POSIX, ƙa'idar bai-ɗaya ta irin waɗannan tsare-tsare, don haka rubutun da ke aiki a Linux yana iya tsayawa a FreeBSD ko da ba a sauya komai ba. Wannan matsala ce daban, ta aiki a kowane tsari, kada a sa su kwando ɗaya. Mai son tsira daga duka biyun ya duba da kansa ko fayil ɗin yana nan kafin ya kwafa: [ -e b ] || cp a b.

Mai Fassara: Na gode. Na sa "jituwa da na da", kishiyarta "ɓata jituwa". Ta Ɗan Sabar kuma a buɗe mata zare nata.