Wai yaya ake rayuwa a ɗan ƙaramin jirgin ruwa mai inji in za a tsallaka teku?

Dan_Gwale:
Salam yan uwa. Jiya na raba dare ina kallon wani bidiyo a YouTube, mata da miji da abokinsu daya sun tsallaka tekun Atlantika a wani dan jirgin ruwa da tsawonsa bai kai tirela ba, kuma ba mai tafiya da iska ba, inji zalla. Sati biyu ba kasa. Abin ya tsaya min a rai wlh. Ina suke shan mai? ruwan sha fa? da dare tsayawa suke su kwana ko yaya? Ni ko kwale-kwalen dam din Tiga ban taba shiga ba, dan Allah wanda ya sani ya warware min.

Bakaniken_Teku:
Wa alaikumus salam ƙanina. Na yi wannan tafiyar sau ɗaya, ni ne bakanike, mu huɗu aka ɗauka mu kai wa wani attajiri jirginsa mai tsawon mita 14. Daga Las Palmas, a tsibiran Kanari na Sifen, muka tashi a watan Disamba, don daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne ba mai hankalin da zai shiga. Muka sauka Mindelo a Kef Bad, wajen mil 850 na teku, muka cika tanki, daga nan sai tsibirin Barbados a yankin Karebiyan, mil 2,000 da ɗan ɗoriya, ba gidan mai ba tsibiri ba komai a tsakani.

Maganar mai lissafi ne kawai. Tankinmu lita 3,800 na dizal, inji na shan kamar lita 9 a awa in muna tafiyar mil 6 da rabi a awa, wato fa gudun mai keke da bai gaggawa. Ka ce za ka ƙara wuta ka isa da wuri, shan mai ya ninka alhali gudun ɗan kaɗan ya ƙaru, sai ka ƙare a tsakiyar ruwa. Kullum da safe ni da kyaftin sai mun auna abin da ya rage mun raba da milolin da suka rage kafin a sha shayi.

Tsayawa kuwa babu. Ina za ka jefa anga a ruwan da zurfinsa ya haura mita 4,000? Inji na aiki dare da rana, mu kuma muna karɓa-karɓa, awa 3 kana gadi sannan ka kwanta. Mai gadi ba tuƙi yake ba, na'ura ce ke riƙe da sitiyari, kai naka ka duba rada da allon da ke nuna manyan jirage, ka leƙa waje, duk awa ɗaya kuma a sa abin toshe kunne a sauka ɗakin inji a duba zafi da yoyo da filtar mai. Filtar nan ita ce abin tsoro, don tangaɗin jirgi na tayar da dattin ƙasan tanki ya toshe ta, sau biyu na canza ta da tsakar dare ina zufa kamar a gidan burodi. Bayan kwana 3 ƙarar inji ta zama kamar numfashinka, ba ka jin ta, amma ko kana barci sautin ya ɗan sauya za ka ganka tsaye ba ka san sanda ka tashi ba.

Ruwan sha akwai injin da ke tace ruwan teku ya cire gishiri, duk da haka mun ɗaure jarkoki don ko ya lalace. Wanka na minti 2 ne.

Maman_Hanif:
Ikon Allah. To girki fa malam? ni a mota ma zuwa Zariya amai nake 😩

Bakaniken_Teku:
Hajiya kwana 2 na farko ba wanda ya ci abin kirki, biskit da shayin citta kawai, ni da nake cika baki na fi kowa rungumar bokiti. Bayan nan ciki ya saba. Tukunya sai an maƙale ta da ƙarfe a kan risho, kuma rabi ake cikawa, ba ka ajiye kofi ka juya baya. Tumatir da ganye sati ɗaya suka ƙare, aka koma albasa, dankali, kabeji, shinkafa, taliya da na gwangwani. Muna jan ƙugiya a baya, ran da kifin dorado ya kama ranar biki ce. Da safe kuma sai ka tsinci kifi mai tashi a kan jirgin ya faɗo da dare. Yajin da na tafi da shi turawan nan su suka cinye min rabi.

Gsky abin da ya fi wahala ba igiyar ruwa ba ce, gundura ce da barci guntu-guntu. Mutum huɗu a wuri kamar ɗaki da falo, kowa ya gaji, har kan wanke cokali an yi gaba ta yini guda.

Dan_Gwale:
Yaya to sallah fa? alkibla da lokaci?

Almajirin_Malam:
Wannan da sauƙi. Ruwan teku ana alwala da shi, akwai hadisin da Annabi (SAW) ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne mushensa kuma halal ne, kuma masu shiga jirgi da ɗan ruwa kaɗan ne ma suka yi tambayar. Matafiyi zai yi ƙasaru, in tsayuwa ta gagara ya yi a zaune.

Bakaniken_Teku:
Haka ne Malam. Da yake yamma muka nufa, alƙibla na bayan jirgi ne, kamfas na nan ba ruɗu. Lokaci kuwa da rana nake gane shi don agogon waya ya daina amfani, tsakanin Mindelo da Barbados awa 3 ne bambanci, duk bayan ƴan kwanaki sai kyaftin ya mayar da agogo baya da awa ɗaya.

Zinder_Boy:
Kar dai wani ya karanta wannan ya dauka irinsa ne kwale-kwalen da ke tashi daga Senegal da Muritaniya zuwa Kanari. Can mutum 100 ake lodawa ba rufi ba rada, in mai ya kare ko an kuskure tsibiran iskar nan da ke tura ku yamma ita ke jan su, an tsinci irinsu da gawarwaki a Tobago a 2021 da gabar Brazil a 2024.

Bakaniken_Teku:
Wlh kuwa, mu muna da wayar satalayit da rigunan ceto da na'urar kiran agaji amma duk da haka da dare in ka leƙa waje sai gabanka ya faɗi. Kwana 13 muka yi daga Mindelo zuwa Barbados. Da na taka ƙasa a Bridgetown, babban birnin Barbados, sai da na dafa bango, ƙasar ce ke ta lilo da ni, daren nan kuma na kasa barci saboda shiru.