Shin ƙarancin sojoji ne ya dagula wa Amurka lissafi a Iraƙi?

Ɗalibi, Kabuga:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga manyanmu. A watan Fabrairun 2003, Janar Eric Shinseki, babban hafsan sojojin ƙasan Amurka a lokacin, ya shaida wa 'yan Majalisar Dattawan Amurka cewa riƙe Iraƙi bayan yaƙi zai buƙaci ɗaruruwan dubban sojoji, amma mataimakin sakataren tsaro, Paul Wolfowitz, ya yi watsi da wannan ƙiyasi. Bagadaza ta faɗa hannun sojojin Amurka ranar 9 ga Afrilu, nan take aka shiga wawashe ma'aikatun gwamnati ba mai hanawa. Da an ji shawarar Shinseki, da ƙasar ta zauna lafiya?

Tsohon soja, Fagge:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Cin gari daban, riƙe shi daban. Jiragen sama na iya tarwatsa rundunar abokan gaba cikin makonni, amma tsare rumbunan makamai da kan iyaka da tashoshin lantarki sai da mutum a tsaye, dare da rana. Ka lura cewa a 2007, da Shugaba Bush ya ƙara sojoji kusan 30,000 ƙarƙashin Janar Petraeus, aka baza su cikin unguwanni maimakon manyan sansanoni, kashe-kashe sun ragu matuƙa.

Malama, Gwale:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina ganin an fifita adadi fiye da kima. A watan Mayun 2003 Paul Bremer, wanda Amurka ta naɗa ya mulki Iraƙi, ya rusa rundunar sojin Iraƙi baki ɗaya, ya kuma kori manyan 'yan jam'iyyar Ba'as ta Saddam Hussein daga aiki, wato ya tura ɗimbin mutanen da suka san makami gida babu albashi, zukatansu cike da fushi. Wane adadin baƙin sojoji ne zai gyara wannan ɓarna? Sauƙin da aka samu a 2007 ma bai rasa nasaba da juya bayan da ƙabilun lardin Anbar na yammacin Iraƙi suka yi wa Alƙa'ida ba. A Afganistan kuwa, sojojin Amurka sun kai kimanin 100,000 a zamanin Obama, duk da haka Taliban ta shiga Kabul ranar 15 ga Agustan 2021. Kuma kada mu manta cewa fararen hula ne suka fi ɗanɗana kuɗar waɗannan gwaje-gwaje.

Malamin tarihi, Dala:
Malama ta taɓo inda ya dace, kuma tarihin garin nan shaida ne mai ɗaci. A watan Fabrairun 1903 Turawan Ingila sun ci Kano da rundunar da ba ta kai mutum dubu ba, a lokacin da Sarki Alu ya tafi Sakkwato. Lugard bai rusa sarauta ko kotunan alƙalai ba; naɗa Abbas ya yi, ya bar hakimai suna karɓar haraji, shi ya sa 'yan sojoji kaɗan suka ishe shi. Wannan ba yabon mulkin mallaka ba ne, domin a 1906 da mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore, an murƙushe su da kisan gilla, aka kuma shafe garin.