Wane itace zan dasa a tsakar gida don inuwar bazara?

Maigida daga Arkilla:
Assalamu alaikum. Tsakar gidana a nan Sakkwato ta kai mita 12 a tsayi, 10 a faɗi, ɗakuna suna gabas, masai da ramin ruwan wanka suna kusurwar arewa. Rana tana dukan ɗakunan daga azahar har la'asar sakaliya. An ba ni dashen kuka, madaci da ceɗiya. Wanne ya dace, kuma yaushe zan sa shi ƙasa?

Malamin gandun daji:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, a duba watan da itacen yake kaɗe ganye. A Sakkwato inuwa ta fi tsada daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Kuka tana zubar da ganye da shigowar hunturu, ba ta sake tohowa sai gab da damina, wato a tsakiyar bazara tsirara take. Ta miya ce. Idan kana sonta, dasa ta a gona ko a lambu.

Gawo kishiyarta ne: da damina yake kaɗewa, da rani ya yi kore shar. Inuwarsa tana zuwa daidai lokacin bukata, sai dai ƙaya gare shi, kuma ya fi ƙarfin tsakar gida irin taka.

Cikin ukun nan madaci zan zaɓa. Yakan zubar da tsohon ganye da rani, amma sabo yana biyowa ba da jimawa ba. Babban itace ne, don haka guda ɗaya tak, a yammacin ɗakunan, nesa da kowane gini da aƙalla mita 5.

Magini:
Alhaji, ceɗiyar nan a bar ta waje. Ita da durumi da gamji saiwarsu tana bin danshi, ta shiga ramin masai, ta ɗaga daɓe, ta tsaga katanga. Wurinsu dandali ko ƙofar gida mai fili. Madacin ma kada ya kusanci kusurwar arewa, kuma a ɗaga kai a duba wayar lantarki kafin a haƙa rami.

Mai renon itatuwa a bakin gulbi:
Lokaci shi ne sa'ad da ruwa ya zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Wanda aka dasa a Satumba bai gama kama ƙasa ba iskar hunturu za ta same shi.

A haƙa rami santimita 60 faɗi, 60 zurfi, tun mako biyu kafin dashe. Ƙasar sama a tara ta gefe guda, ta ƙasa gefe guda. A cika ramin da ruwa a kwana: in gari ya waye ruwan yana nan, akwai marmara ko laka a ƙarƙashi, sai a fasa ta da diga, in ba haka ba saiwa za ta ruɓe a watan Agusta. A cuɗa ƙasar sama da bokiti biyu na takin shanu wanda ya ruɓe ya yi baƙi. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Ledar a yanke ta da reza, kada a fizge dashen. In saiwa ta nannaɗe a gindin leda, a datse wurin, don in aka bar ta haka za ta ci gaba da kewaya kanta, itacen ya tsumbure. Wuyan dashen ya tsaya daidai inda yake cikin leda. Binne shi da zurfi yana kashe dashe da yawa, mutane su ɗora wa gara laifi.

Daga Oktoba, a ba shi ruwa jarka guda mai lita 20 sau biyu a mako, da yamma, a zuba a hankali cikin kwarmin da aka kewaye gindin da shi. A Afrilu a mai da shi sau uku. Yayyafin kofi kullum saiwa yake jawowa sama, rana ta gasa ta. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa ta tsare danshi, amma a bar taƙi guda tsakaninta da jikin itacen, a barbaɗa toka a wurin saboda gara. In akwai awaki a gidan, a kewaye da bulo mai tazara don iska ta ratsa, har shekara biyu.

Maigida daga Arkilla:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. To idan ganyen ya zube da hunturu, ta yaya zan san bai mutu ba?

Malamin gandun daji:
Kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce. In ciki kore ne da danshi, yana raye, kada ka ƙara masa ruwa fiye da ƙa'ida, don itacen da ba ganye ba ya sha da yawa. In ya bushe ya yi ruwan ƙasa, ka gangara ƙasa kana dubawa har ka iske kore, ka yanke a nan. Madaci yana da tsutsar da ke huda kan toho, sai ya fitar da kai biyu ko uku. Ka zaɓi mafi ƙarfi da miƙewa, ka cire sauran da wuƙa mai kaifi tun suna kaurin yatsa.