Ana satar kaya a sito, in busa usur ko in ja bakina?

Ɗan Sito: Salam 'yan uwa. A wurin aikinmu an manna takarda wai duk wanda ya ga ba daidai ba ya yi "blow the whistle", ni kuma whistle ɗin da na sani usur ne na alƙalin wasa. To wata uku ke nan oganmu yana fitar da buhuna bayan an tashi, kuma ni ke riƙe da littafin lissafi, ranar da asiri ya tonu ni za a fara damƙa. In kai ƙara ko in yi shiru?

Malam Ticha: Fito da baki whistle ne, usur ma haka, har kukan butar shayi in ta tafasa. Na takardarku kwarmato ake nufi, kamar alƙali ya ga an yi ƙeta ya busa.

Na Kwari: Ka busa kawai! Tun Disambar 2016 gwamnatin tarayya ke ba mai kwarmato kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, ka manta dala miliyan 43 ɗin da aka gano a wani gida a Ikoyi, Legas, bayan wani ya kwarmata?

Malam Ticha: Wancan dukiyar gwamnati ce, shi buhu yake magana.

Maman Biyu: Ƙanena kar ka soma wlh. Maigidana ya taɓa yi, sun ce sirri ne ba mai ji, ko sati ba a yi ba har mai gadi ya sani, aka mayar da shi wani reshe ko kujera babu, abokan cin tuwonsa suka daina amsa masa sallama, ƙarshe da kansa ya ajiye aikin, ɓarawon kuma har Umara ya je bara.

Na Kwari: Hajiya ke labari kika ji.

Maman Biyu: Ni na sayar da gadona muka biya haya, kai me ka taɓa busawa?

Autan Gida: Mu da aka hana mu yin fito da daddare wai yana kiran aljanu, ashe na rana ma yana kira 😂

Baban Unguwa: Af, nawa usur yanzu? Za mu raba wa gidaje saboda ɓarayi.

Autan Gida: 300 na saya.

Na Kwari: Na wasan yara ka saya mai ƙwallo a ciki, yawu na taɓa shi ya mutu. Mai kyau ya fi haka tsada.

Baban Unguwa: 'Yan sintirinmu duk wata sai sun karɓi kuɗi gida-gida, amma ba ka jin usur ɗinsu sai wata ya kusa ƙarewa.

Maman Biyu: Namu ko shi ba sa yi, akuyata biyu a gabansu aka kwance.

Ɗan Sito: Jama'a gobe fa ake ƙirga kaya.