Me za mu kira "recall" na mota da Hausa?

Jama'a assalamu alaikum, ina neman taimakon masu Hausa da makanikai da direbobi. Abin nan da Turawa ke ce wa recall a harkar mota, wato kamfani ya gano aibi a motocin da ya riga ya sayar sai ya aika wa masu su cewa su kawo a duba a gyara kyauta, me za mu ce masa da Hausa? Bayani kam gashi na yi, kalma nake so, wadda za ta shiga kanun labari kuma direba ya faɗe ta a tasha ba tare da ya ciji harshe ba.

Bari in kawo misali na gaske dan mu san abin da muke raɗa wa suna. A watan Agustan 2011 kamfanin Ford ya yi irin wannan kira ga motocin a-kori-kura wajen miliyan 1.1 a Amurka, yawancinsu F-150 ƙirar 1997 zuwa 2004. Tankin man waɗannan motoci a ƙarƙashi yake, maɗaurin ƙarfe ne ke riƙe da shi jikin chassis, wato ƙarfen da gangar mota ke zaune a kai. Toh a jihohinsu masu sanyi gishiri ake watsawa kan titi dan ƙanƙara ta narke, gishirin nan da ruwa su fantsamo ƙarƙashin mota shekara da shekaru har maɗaurin ya yi tsatsa ya tsinke, in ya tsinke tanki ya sauko yana gugar kwalta, ya huje, mai ya fara zuba, kuma ƙarfe na gugar titi yana fitar da tartsatsi, kun dai san sauran. Sai kamfani ya ce a kawo motocin wajen dillalansa a canza maɗauran.

Na riga na fara tambayar mutane, amsar farko da na samu daga wani ɗan jarida ce, ya ce ai tuni akwai kalma, "janyewa daga kasuwa", haka suke fassarawa in NAFDAC ta ce a kwashe wani magani ko abin sha. Yallaɓai na yarda da kai a kan magani, domin shi a kan kanta yake, a kwashe shi a lalata shikenan. Amma F-150 ƙirar 1997 a shekarar 2011 wace kasuwa take? Shekara 14 tana hannun mai ita, wataƙila ma mutum na uku ne. Kuma in ka ce "an janye" mai karatu zai ɗauka an ƙwace motar ne ko an hana hawanta, alhali mutum zai kai ta garejin dillali ne ya karɓo abarsa.

Wani kuma ya ce mu bar shi "rikol" kawai kamar yadda muka bar birki da giya da kuloci. Ba na ƙin aron kalma, rabin kayan mota da sunan aro muke kiransu. Amma birki ya shigo ne ta bakin direbobi da yaran mota, kullum ana taka shi ana faɗarsa. Rikol ba a bakin kowa yake ba, ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka ka faɗe shi ka ga wa zai juyo. Ga wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya tuna mana su da Faransanci rappel suke gani a takarda, kaga in muka ari ta Ingilishi mun raba Hausa gida biyu a kan abin da bai kai ya kawo ba.

An kuma kawo "maido da motoci" da "dawo da motoci". Waɗannan a cikin jimla suna aiki, amma "maido" yana kama da wanda ya sayi kaya bai masa ba ya mayar a ba shi kuɗinsa, mai saye ne ya fara motsi. A nan kamfani ne ke kira.

Sai wata Hajiya malamar Hausa ta rubuto kalma ɗaya tak: kiranye.

Tun da na gani nake juya ta. Yawancinmu a siyasa muka san ta, yunƙurin yi wa Dino Melaye kiranye daga majalisar dattawa wanda ya rushe a 2018 lokacin da INEC ta zo tantance sa hannu, gidajen rediyo duk da wannan kalma suka ba da labarin. Kuma Turancin can ma recall ɗin ne dai. Amma asalin kiranye ya girmi majalisa, shi ne abin da ake yi wa wanda ya bar gida ya yi nisa ya ƙi waiwaye, a yi masa asiri ko addu'a hankalinsa ya tashi sai ya dawo. Wanda ya fita daga hannunka ya yi nisa kana kiransa ya komo inda ya fito, wannan shi ne zancen motar nan.

An yi ƙorafi biyu, kuma duka suna da ƙarfi. Wani malam ya ce kalmar tana warin tsibbu. Allah gafarta malam, gaskiya ne, amma 'yan siyasa sun riga sun wanke mana ita, yau in aka ce an yi wa sanata kiranye ba wanda ke tunanin boka. Na biyun ya fi damuna, wani ya ce a siyasa kiranye tsigewa ce, wanda aka kira ba ya komawa kujerarsa, toh kar mutane su ɗauka motar ma ta tafi kenan. Shi ya sa nake ganin a karon farko cikin labari a ce "kiranyen gyara", daga nan a ci gaba da kiranye zalla.

Mu gwada ta a baki mu ji. Ford ta yi wa a-kori-kura miliyan 1.1 kiranye saboda maɗaurin tanki. Motarka tana cikin kiranyen? Wannan tana da kiranyen da ba a amsa ba, wato an kira amma ba a taɓa kai ta gyaran ba. Hukuma ta nemi a yi kiranye kamfani ya ƙi. Wannan ta ƙarshen ma ta faru, a-kori-kurar General Motors ƙirar 1973 zuwa 1987 da aka ɗora tankinsu a gefe, a waje da ƙarfen chassis, inda in aka daki motar ta gefe tankin ne ke fara shan duka. Hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta nemi kiranye a 1993, kamfanin ya ƙi, ƙarshen 1994 aka sasanta ya biya wajen dala miliyan 51 ga shirye-shiryen kiyaye haɗari, motocin kuma ba a kira su ba.

Wani makaniki ya ja ni gefe a kan kalmar yoyo da ake faɗa in tanki na zubar da mai, ya ce oga ba duk zubar mai ce yoyo ba. Akwai naso, tanki ya jiƙe ƙura ta manne a wurin ta yi baƙi amma ba ka ga ɗigo ba sai wari. Akwai ɗiga, ka tashi da safe ka tarar da tabo a ƙasa. Akwai tsiyaya, wannan kam kashe mota ka matsa. Na gode maigida, a kanun labari "yoyo" ta isa ta rufe duka, a cikin bayani a rarrabe. Ya kuma ce abin da mu muka saba shi ne a goga sabulu a bakin hujin a lallaɓa a isa gari, daga nan a sauke tanki a wanke da ruwan omo a kai wa mai walda, kuma tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari wajen walda domin tururin fetur ɗin ne ke fashewa. Yawancin motocin yanzu ma tankin roba ne, walda ba ta kama shi. A kiranye ba a liƙe tanki, in aibin a jikinsa yake ana ɗaga motar a duba, wanda ya lalace a cire a sa sabo. Dan haka "dubawa da canzawa" za mu rubuta, kar wani ya fassara da "faci".

Wani ya tambaya mu ina ruwanmu da kiranyen Amurka. Ruwanmu shi ne motocin hannu da ke shigowa ta Kwatano da Legas da yawansu daga can suke. A dokarsu kamfani wasiƙa yake aika wa mai mota a adireshin da aka yi rajista, wasiƙar nan ba za ta biyo mota Kano ko Damagaram ba. Amma lambar chassis, mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, in ka saka ta a shafin NHTSA zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a amsa ba, ko ba komai ka san me za ka ce makaniki ya leƙa.

Toh ni dai na tsaya a kan kiranye, da kiranyen gyara in ana tsoron ruɗani. Saura maɗaurin tankin nan, na san a gareji akwai sunan da kuke kiransa wanda ba "maɗaurin ƙarfe" ba, makanikai dan Allah ku rubuto shi da garin da ake faɗarsa haka.