Za mu Chamonix a hunturu da yara biyu, ni kuma ba zan yi zamiya ba

Uwar Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa garuruwan da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, musamman Chamonix da ke gindin dutsen Mont Blanc a Faransa. Maigidana ya samu hutun kwana shida a watan Fabrairu. 'Yarmu mai shekara 10, tun bara da ta ga hoton wajen, ta kafe sai ta taɓa dusar ƙanƙara da hannunta. Ƙaninta shekararsa 4. Biza ta fito, jirginmu zai sauka a Geneva, masauki ne kawai ba mu kama ba tukuna.

Ga abin da ke hana ni barci. Shekara biyu ke nan da aka yi mini aiki a gwiwar hagu, kuma likita ya hana ni duk abin da zai murɗa ta. Ke nan ni da zamiya sai kallo. Ina tsoron mu kashe kuɗi mai yawa, su fita su ji daɗi, ni in ƙare a bakin tagar otal. Akwai abin da mutum irina zai yi a garin nan? Sannan motar igiyar nan da ke hawa ƙololuwar dutse, za a iya shiga da ƙaramin yaro? Mu ɗauki hayar mota ko mu bi bas? Batun kayan sanyi kuwa, na shiga kanti na ga riguna iri-iri har kaina ya ɗaure, na fito ban sayi komai ba. Babu ɗayanmu da ya taɓa taka dusar ƙanƙara. Ku taimaka, Allah ya saka da alheri.

Tsohon Ɗalibi:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Na yi karatu a Grenoble, kuma na je Chamonix a hunturu ya fi sau goma. Af, Faransawa Shamoni suke furta sunan, ki riƙe wannan don tambayar direban bas.

Ki kwantar da hankalinki, a cikin garuruwan zamiya na tsaunukan Alps da na sani, wannan ne ya fi dacewa da wanda ba zai yi zamiya ba. Dalili kuwa, gari ne na gaske tun kafin wasan ya yi tashe. Hawan dutse na cikin abubuwan da suka fara ɗaga sunansa. A watan Agustan 1786 wasu 'yan garin biyu, Jacques Balmat da likita Michel-Gabriel Paccard, suka zama na farko da suka kai ƙololuwar Mont Blanc. Ƙungiyar jagororin dutse ta garin an kafa ta ne a 1821, kuma har yau tana aiki. A nan aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a 1924. Akwai titin masu tafiya a ƙafa cike da shaguna, ga kogin Arve ya ratsa tsakiyar gari, ga mutum-mutumin Balmat yana nuna wa masani de Saussure dutsen da yatsa. Idan kika tsaya a wajen kika bi yatsan da ido, Mont Blanc ɗin za ki gani.

Yanzu batun motar igiya, a nan nake so ki saurare ni da kyau. Sunan tsinin Aiguille du Midi. Garin yana kan tsayin mita 1,035, tsinin kuma mita 3,842. Motar, wadda aka buɗe a 1955, tana kai mutum can cikin kamar minti 20, da sauyin mota sau ɗaya a Plan de l'Aiguille, mita 2,317. Wato jiki zai hau kusan mita 2,800 ba tare da ya samu lokacin sabawa ba. A can sama iskar da mutum ke shaƙa ba ta kai kashi biyu cikin uku na ta bakin teku ba. Ni da nake matashi a lokacin, na taka matakala goma sha wani abu da sauri sai na ji kaina yana juyawa, dole na zauna. Ba a barin yaro ƙasa da shekara 3 ya hau, kuma su kansu masu wajen ba sa ba da shawarar hawa da wanda bai kai 5 ba. Saboda haka ki bar ƙaramin a ƙasa tare da babansa, ke da yarinyar ku hau. Ku yi tafiya a hankali, ku sha ruwa, kada ku wuce awa ɗaya ko biyu, kuma wanda ya ji ciwon kai ko tashin zuciya ya sauko nan take.

Sanyi ma haka. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kamar maki 6 da rabi. Idan a gari ana kan sifiri, to can sama ki ɗauka 18 ne ƙasa da sifiri, ban da iska. Kada ki ajiye wannan hawan a ranar farko, kada kuma ki bar shi sai ranar ƙarshe. Iska mai ƙarfi tana sa a rufe motar, gajimare kuma yana iya rufe komai ki biya kuɗi ki ga fari fat. Ki riƙa duba hasashen yanayi, ranar da sama ta yi garau ki tafi da sassafe.

Mota kuwa ban ba ku shawara ba. Daga filin jirgin Geneva akwai bas-bas da ƙananan motocin haya da ke kai mutane cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Dokar Faransa ta tilasta tayoyin hunturu ko sarƙar taya a wannan yankin daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, kuma wanda bai taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba bai kamata ya fara koyo da iyalinsa a baya ba. A cikin kwarin akwai bas, akwai jirgin ƙasa da ke tsayawa ƙauye-ƙauye.

Hajiya Matafiya:

'Yar uwa, tamkar ni kika kwatanta. Ni ma ban taɓa sa takalmin zamiya ba, amma kwana biyar da na yi a can ba su ishe ni ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Mer de Glace, wani kogin ƙanƙara da ake zuwa gani ta jirgin ƙasa. Wani ɗan jan jirgin ƙasa ne mai haƙora a tsakiyar layinsa, yake hawa ta cikin itatuwa kamar minti 20 zuwa Montenvers, mita 1,913. Wannan tsayin ba ya wahalar da yaro, kuma ɗanki zai so jirgin ƙwarai. Daga can za ki hangi kogin ƙanƙara mafi girma a Faransa, daskararre, kwance tsakanin duwatsu. Suna fafe kogo a cikinsa ana shiga, bangon shuɗi ne kamar gilashi. Lokacin da na je, muna sauka a matakala ina ganin alluna a jikin dutse, kowane da shekararsa, suna nuna inda ƙanƙarar ta kai a da. Sai ki wuce allon 1990 ki ci gaba da sauka, ki yi ta sauka, ƙanƙarar tana can ƙasa da nisa. Wallahi jikina ya yi sanyi. Na sha jin ana maganar ɗumamar yanayi, ranar na taka ta da ƙafata. A 2024 an buɗe sabuwar motar igiya da ta rage matakalar, amma har yanzu akwai su. Saboda gwiwarki, ki duba da idonki kafin ki sauka. Ko daga saman ma kallon ya biya.

Kaya kuma, kada rigunan kanti su ruɗe ki. Hawa uku ake yi. Ta ciki mai manne wa jiki, ta ulu ko ta roba, amma ban da auduga, domin auduga tana riƙe gumi ta koma sanyi a jikin mutum. Ta tsakiya mai kauri, sai ta waje wadda ruwa da iska ba sa ratsawa. Yara wando mai hana ruwa dole ne, don zama za su yi ta yi a cikin dusar. Safar hannu ki saya musu biyu-biyu, ɗaya na bushewa ɗaya na hannu. Safar ƙafa guda ɗaya mai kyau ta fi biyu a cushe, matsi yana hana jini gudu sai ƙafar ta ƙara sanyi. Ke kuma takalmi mai ƙasan roba mai gurzo, kuma akwai wasu ƙananan ƙusoshi na roba da ƙarfe da ake ɗaura wa takalmi. Ki saya. Da safe gefen titi yana daskarewa, kuma santsin nan shi ne abokin gabar gwiwarki, ba dutsen ba.

Tabarau da man kare fata daga rana kada a manta, ko da fatar mutum baƙa ce. Sabuwar dusa tana mayar da yawancin hasken rana zuwa fuska, idon yara yana iya ƙonewa. Leɓe kuma yana tsagewa.

A gidan abinci ki riƙa tambaya. Tartiflette, dankali da cuku da suke alfahari da shi, akwai naman alade a ciki, fondue kuma da giya ake narka cukunsa. Mu masauki mai kicin muka kama, ya sauƙaƙa mana.

Baban Yara:

Hajiya, duk abin da suka faɗa gaskiya ne, amma bari in kawo ɗaya ɓangaren, tunda mutum uku a gidanki 'yan koyo ne. Chamonix ba irin garin da ake fitowa daga ƙofar otal a ɗora allunan zamiya ba ne. Filayen a warwatse suke a tsawon kwarin: Brévent da Flégère, Grands Montets a Argentière, Balme a Le Tour, sai Les Houches. Da yawansu na gwanaye ne. Ɗaukar yaro mai shekara 4 da allunansa da sandunansa zuwa tashar bas, cikin takalmi mai taurin dutse, aiki ne ja. Ku kama masauki kusa da filin 'yan koyo. A cikin gari akwai Le Savoy da Les Planards, a Le Tour kuma akwai La Vormaine, shimfiɗaɗɗe mai faɗi.

Ku ɗauki malami tun ranar farko, maigida ma har da shi. Makarantar koyar da zamiya ta ESF, masu jajayen riguna, suna karɓar yara ƙanana a wani killataccen fili. Abu na farko da ake koyarwa shi ne tsayawa, a haɗa bakin allunan a buɗe bayansu. Hanyoyin zamiya launi huɗu ne, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya: kore, shuɗi, ja, baƙi. Mako na farko kore ne, ko shuɗi in malami ya yarda. Kada ku sayi tikitin dukan kwarin, na filin koyo ya fi arha nesa. Kuma ku yi rajistar darasi yanzu, don Fabrairu lokacin hutun makarantun Faransa ne, gurabe suna ƙarewa.

Abin da ya same ni nake so maigidanki ya ji. A shagon haya ana tambayar nauyi da tsawo da gwanintar mutum, domin da su ake saita maƙalin da ke riƙe takalmi, yadda zai saki ƙafa idan an faɗi. Na ce na ɗan iya, alhali kwana biyu kacal na taɓa yi. Aka ɗaure shi da ƙarfi. Na faɗi a hanya ja, allon bai saki ba, jijiyar gwiwata ta yage. A kan wani gado da ake jan sa a kan dusa aka sauko da ni, kuma a Faransa ceto a kan hanyar zamiya ba kyauta ba ne, ɗaruruwan yuro ne. Inshorar biza ta yuro 30,000 ba lallai ta haɗa da wasannin hunturu ba. Ku karanta takardarku, in babu ku ƙara inshorar kwana-kwana da ake sayarwa tare da tikiti. Hular kwano kowa ya sa. Kada kowa ya tsallake igiyar gefen hanya, bayanta ne dusa ke zaftarewa. Lambar gaggawa 112.

Uwar Biyu:

Kai, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baban Yara, Allah ya ƙara sauƙi, na karanta wa maigida naka har sau biyu. Mun duba takardar inshorar, lallai an cire wasannin hunturu, gobe zai kira su. Mun samu ɗaki mai kicin kusa da Le Savoy, an sa yara darasin safe. Tambaya ɗaya ta rage: in suna darasi, akwai inda zan hau ni kaɗai in ga dutsen ba tare da wahalar numfashi ba?

Tsohon Ɗalibi:

Akwai, Hajiya, kuma kusa da masaukinku. Ki shiga motar igiyar Brévent zuwa Planpraz, wajen mita 2,000. Ana sayar da tikitin masu tafiya a ƙafa. Wannan gefen yana fuskantar Mont Blanc kai tsaye, kuma rana tana faɗa masa tun kwarin yana cikin inuwa. Akwai wajen zama da shan abu mai zafi. Tashar tana kan ɗan tudu daga tsakiyar gari, ki hau bas zuwa ƙofarta saboda gwiwar. In kin fita ƙarfe tara da rabi, za ki sauko kafin a tashi yara.