Tsuntsayen fadamar Haɗejiya da Nguru a ƙarshen hunturu: me ake gani, yaya ake kallo?

Ɗan Fadama:
Assalamu alaikum jama'a. Sanyi ya fara sassautawa, ruwan fadama yana ja da baya, baƙin tsuntsayen da suka sauka wurinmu daga Turai da yammacin Asiya tun bayan damina kuma sun fara haramar komawa. Duk wanda ya saba leƙa Dagona, ko Baturiya, ko tafkin Nguru daga tsakiyar Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, don Allah ya kawo abin da ya sani, domin masu niyyar zuwa kada su yi tafiyar banza.

Ni zan fara da lokaci. A Fabrairu rana na fitowa wajen ƙarfe 6:40, don haka mutum ya idar da asuba ya kama hanya, fitowarta ta same shi a bakin ruwa. Ya tsaya ta gabashin tafkin, rana ta kasance a bayansa. Idan ya fuskance ta, duk tsuntsun da ya hango baƙi zai gan shi. Da hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe 10, zafi kan sa iskar saman ruwa ta riƙa rawa, abin da ke nesa ya daina fitowa sosai. Sai kuma bayan la'asar, a koma ta yamma.

Mai Tabarau:
Wa alaikumus salam Malam. Ƙari a kan wannan: ranar da hazo ya sauka sosai, kada a wahalar da kai da hangen tsakiyar tafki, a tsaya kan na gefe. Tabaron hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar, wanda ya fi shi ƙarfi kuwa rawar hannu ke ɓata shi, balle a cikin kwale-kwale. Babban abin da ke kashe tabarau a nan ƙura ce. A fara hure gilashin, a kaɗe da buroshi mai laushi, sannan a goge. Wanda ya goge da bakin riga kai tsaye, yashin da ke kai ya karce gilashin ke nan, kuma ba gyara.

Malamar Kimiyya:
Bari in raba 'yan gida da baƙi, don nan ne sababbin zuwa ke rikicewa.

'Yan gida: kirinjijiya ita ce mai farar fuska da dogon wuya, tana tsayuwa a miƙe, kuma tun kafin ka gan ta za ka ji fitonta sau uku a jere. Dinya ta fi kowace agwagwa girma, baƙa ce, cikinta fari. Taka-a-bado yana yawo a kan ganyen bado da dogayen yatsunsa. Zakaran ƙeƙuwa shi ne mai tona asiri, da ya hango mutum zai ɗauki ƙara, kowa ya ɗaga kai. Akwai zalɓe, da jinjimi, da balbela. A lura, ba kowane farin tsuntsu ne balbela ba: ita bakinta rawaya ne kuma shanu take bi, wanda ke tsaye cikin ruwa da baƙin baki da rawayen yatsu wani ne daban. Shamuwa kuwa kada a neme ta yanzu, sai damina ta ƙarato.

Baƙi: mafi shahara ita ce ƙaramar agwagwar da littattafan tsuntsaye ke kira gargani. Ƙarshen hunturu ne lokacin da ya fi daɗin gane ta, domin namijin ya riga ya yi gashin aure, farin zane mai faɗi ya taso daga saman idonsa ya gangara ƙeya. Macen launin ƙasa ce kawai. Tare da su akan ga wata babba mai siririn wuya da doguwar wutsiya kamar tsinke. A bakin taɓo kuma akwai raf, wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ke tafiya garke-garke. Mutane da yawa kan ɗauka iri biyu ne suka haɗu, alhali namijin ne ya fi macen girma nesa ba kusa ba. Shi raf a gonakin shinkafar da aka girbe yake tsintar abin da ya zube.

Ɗan Fadama:
Hajiya, a ƙara mana bayani kan dalilin da ya sa ba a son tayar da su a wannan lokaci, don wasu gani suke tsanani ne kawai.

Malamar Kimiyya:
Ba tsanani ba ne. Abin da ke gabansu ƙetare Sahara ne, tafiyar da ta haura kilomita 1,500 ba ci ba sha, guzurinsu kuma kitsen jikinsu ne kaɗai. Ɗan tsuntsun da ke ɓuya cikin kacalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, wanda nauyinsa bai wuce giram 12 ba, yakan kusan ninka nauyinsa kafin ya tashi. Su kuma agwagin da dare suke kiwo, suna cin 'ya'yan bado da na ciyayin ruwa, da rana su huta a tsakiyar tafki. Duk sanda aka tashe su don a ɗauki hotonsu a sama, kitsen da suka kwana suna tarawa ne ke ƙonewa. Alamar ka matsa da yawa ita ce su daina gyaran gashi, su miƙe wuya gaba ɗaya. To nan za ka tsaya, ka durƙusa, ka jira su koma harkarsu.

Ɗan Su:
Gaskiya ne. Ta ɓangaren ruwa kuma, a nemi mai kwale-kwalen gora, ba mai inji ba. Kada a nufi garken kai tsaye, a bi ta gefe a hankali kamar wucewa za a yi, domin sun saba da masunta. Mutum uku sun isa jirgi ɗaya, kowa a zaune, da rigar ruwa mai hana nutsewa. A sa tufafi masu launin ƙasa, farar riga daga nesa suke hango ta. Kuma kada a shiga ruwan da ke kwance da ƙafa, akwai tsargiya.

Amma ku sani, inda aka ga tsuntsaye bara ba lallai a same su nan bana ba. Ruwa suke bi. A watan Fabrairu wani tafkin ya ƙafe saura taɓo, wani kuma kacalla ta rufe shi. Kafin a yi asarar mai, a tambayi masunta ko jami'an gandun, tunda Dagona tana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, kuma dole sai da izininsu ake shiga.

Injiniyan Ruwa:
Maganar kacallar nan tana da tushe. A da, kogin Haɗejiya kan cika da damina ya malala, da rani ya ƙafe, bushewar nan kuma ita ke hana ciyawar kama wuri. Bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, sai ambaliyar damina ta ragu, ruwa kaɗan-kaɗan kuma ya riƙa gudana har da rani. Ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa shi ne abin da kacalla ke so. Ta toshe magudanai, laka ta taru, ruwa ya karkata wani gefen ya bar wani a bushe. Agwagi kuwa fili suke so, inda za su hango abin da ke zuwa. Wanda ya ci riba shi ne jan-baki, ƙaramin tsuntsun nan mai cinye hatsi, da ya samu wurin kwana kusa da gonakin alkama da shinkafar rani. Ƙona kacalla ba ya kashe ta, saiwar na nan, za ta tofo. Abin da ke aiki shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse ya rasa iska, a kuma maimaita idan ta sake leƙowa. Abin takaici ne ƙwarai a ce tafkin Nguru, wurin da ya zama na farko a Najeriya cikin jerin Ramsar na muhimman fadamun duniya, tun shekarar 2000, ciyawa na cinye shi.

Mai Tabarau:
Masu son ƙirga: ba a ƙirga babban garke ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙirga 10, ka ga faɗin da suka ci, ka auna shi sau biyar ya zama 50, sannan ka bi garken da wannan ma'aunin. Mutum biyu su yi, kowa ya rubuta nasa kafin su faɗa wa juna. Kusan kullum ragewa ake yi, saboda na baya sun ɓuya a bayan na gaba. A rubuta kwanan wata, da sa'a, da wurin, da yanayin hazo. Idan an ga mai zobba masu launi a ƙafa, a rubuta na hagu sannan na dama, daga sama zuwa ƙasa. Jerin launukan ne ke nuna inda aka sa masa.

Likitan Dabbobi:
'Yan'uwa, gargaɗi ɗaya. Idan kun tarar da matattun tsuntsaye da yawa wuri guda, ko wanda ke juya wuya ya kasa tashi, kada ku taɓa, kada ku bari yara su kai gida. Yana iya zama murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna. Yana kuma iya zama hatsin da aka jiƙa da maganin ƙwari aka watsa don kama agwagi, naman nan kuwa guba ne ga wanda ya ci. A ɗauki hoto daga nesa, a sanar da jami'an gandun ko ofishin kula da lafiyar dabbobi mafi kusa. Mai kiwon kaji ya wanke takalminsa da sabulu, ya sauya kaya kafin ya shiga wurin kajinsa.

Ɗan Su:
Wanda zai zo ya yi ƙoƙari kada ya wuce makon farko na Maris idan gargani yake son gani da yawa. Raf kan ɗan jima, har cikin Afrilu ana samun ragowarsu. A taho da ruwan sha lita 3 kowane mutum, da rigar sanyi don asuba, da malafa don hantsi.